Baƙin Sama da Koko

Ni da boko ya tsaya mini a aji uku, ni na buga ƙirji a majalisarmu ta shayi a Nima cewa ranar Asabar zan yi sharhin wani ƙaton littafin Turanci, labarin halittun wata duniya da suka aiko wa mutane saƙo. Mijin 'yata, malamin kimiyya a Kanda, shi ya ara mini. Shafi tara na karanta, lissafi ya rufe mini ido. Sai na nemi fim ɗin, irin wanda wani sarkin surutu ke fassarawa da Twi, na haddace.

Ranar Asabar na gyara hula na ce, "Inda marubucin ya burge ni, da baƙin suka sauka suka ce ba magana sai an kawo koko da ƙosai."

Aka yi tsit. Mai zuba shayi ya zuba a ƙafarsa.

Surukina ya sunkuyar da kai. "Baba, a littafin ba su ma iso duniyarmu ba. Mai fassarar ne ke jin yunwa."

Har yau in na tsaya wurin Hajiya mai koko, sai ta ɗaga ludayi ta dubi sama. "Alhaji, kai kaɗai ne, ko suna tafe?"