Hankufar Bayan Ɗakin Inna

"Lafiya lau, in ban da ganinka da ya ɓata min safiya."

Haka na amsa gaisuwar magini, ɗan kawuna, taubashina. Shi yayyena suka ba gyaran tsohon gidanmu bayan rasuwar Inna, mahaifiyarmu, ya kuwa bi tsakar gidan kaf ya malale da siminti. Ni hankufa ce ta kawo ni, tsiron nan na bayan ɗakinta, don jikata ta fara haƙori.

"Ina hankufar Inna?"

"Wacce? Ciyawar nan mai gashi-gashi kamar haɓarki?"

"Haɓata ta fi kanka gashi, mai sanƙo. Mai ƙananan furanni rawaya, cunkus a gindin ganye."

"Au, ita? Na ba akuya. Ta ci, ta ce a gaishe ki."

"Amma kai an yi asararre! Shekara arba'in Inna na hana tsintsiya zuwa wurin. Saiwarta ta jiƙa ta ɗura maka ranar da zawon haƙori ya mai da kai tsumma, ina tsaye ina riƙe da ƙafafunka. Da ta ƙyale ka, da mun huta."

"Da wa zai kwashe ki in mijinki ya gaji?"

"Gara in auri buhun siminti, shi ko banza yana zama inda aka ajiye shi."

"Matata, ga asibiti can bakin titi. Ki bar haƙa kamar gafiya."

"An kai ta, likita ya duba ta, dolo. Kai ka ji na ce ba ta da magani?" Na dubi ƙofar ɗakin Inna. Sannan na ƙarasa: "Duk jaririn gidan nan sai da Inna ta ɗiga masa a baki. Wannan kaɗai ce ba ta gani ba."

Dariyar ta ɗauke masa. Ya ajiye guduma ya yi gaba, na bi shi ina ci gaba da zaginsa ƙasa-ƙasa.

A bayan ɗakin, tsakiyar simintin, ga ƙasa faɗin tire, an kewaye ta da bulo huɗu. Kututture ne a ciki, ya yi sabon toho.

"Leburori suka sare ta kafin in iso," in ji shi. "Na hana a tone. Yayyenki sun ce na bar rami a aiki, na ce su nemo wani maginin. Sau nawa Gwaggo ta buge min hannu a nan? Kullum cewa take, a yanki ta gefe, a bar uwar saiwa."

Na durƙusa na shafa ganyen. Laushinsa kamar bayan hannun Inna.

Ya tona gefe da yatsa, a hankali, ya yanko 'yar saiwa ya miƙo yana murmushi.

"Kin ci, tsohuwa. Ki ce wa yarinyar saƙo ne daga Gwaggo."

"Wanke hannunka tukuna, ƙazami," na ce. Amma na karɓa, na ƙulle ta a bakin zanena.