Kwalbar da Na Cika a Ƙofar Dagaci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa fitsarina tafinta a gaban mutanen ƙauyenmu ba.

Lokacin ina jami'a, ina karatun ilimin halittu, ba a daɗe da fita daga babban farin da ya ƙarar da shanu ba. Malaminmu wani Dokta ne Ba'indiye mai bincike kan tsargiya, cutar fitsarin jini da ake ɗauka a kududdufi. So yake ya gano ko gado ne ke sa ta fi kayar da wasu gidaje. A wajensa darajar masani ɗaya ce: sau nawa wasu masana suka ambaci maƙalarsa. Ya ce in na raka shi ƙasar Gumel na yi aiki da kyau, zai sa sunana a ƙarƙashin nasa, kuma da sunan nan ake samun gurbin ƙaro karatu. (Ni da ko gaisuwa sai na yi ta bita a zuci, na fara mafarkin ana ambatona a ƙasashen da ban san su ba.)

Mun bi Maigatari da Gagarawa lafiya, ina wanke kwalabe ina fassara. Sai muka zo ƙauyenmu, kusa da Ɗanzomo. Yara sun rame, wasu cikinsu a kumbure, duk suna wanka a ruwan da ya rage. Amma a wajenmu jinin nan alamar balaga ce, har murna ake yi. Dattawa suka ƙi ba da fitsarin kowa.

Dokta ya kawo dabara: a nuna musu a madubin likita bambancin fitsarin mai cuta da na mai lafiya. Da ƙyar wani makiyayi ya ba da na ɗansa. Na mai lafiya kuwa, wa ya fi ɗan jami'a mai tafasa ruwan sha? Na zaga bayan danga da kwalba. (Na san nakan ga ɗigon ja a ƙarshen fitsari tun ina yaro. Na daɗe da yanke wa kaina hukunci cewa zafin rana ne.)

Aka taru a ƙofar dagaci. Kafin a duba, har wa'azi na yi kan ƙazanta da rashin sani. Baffana, ƙanin marigayi mahaifina, yana zaune kusa da dagaci. Ya ce, "To, malamin bature, mun ji."

Dokta ya duba na yaron, ya nuna wa dagaci ƙwayayen cutar. Ya ɗora nawa. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, fuskarsa cike da murna, ya yi magana da ƙarfi.

Dagaci ya ce, "Ɗana, me ya ce?"

Babu mai jin Turanci a wurin sai ni. Zan iya cewa komai. Amma ban taɓa rage kalma a fassara ba, bakina bai saba ba.

"Ranka ya daɗe, ya ce nawa ya fi na yaron yawa."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya. "Ashe tafasasshen ruwan ma yana da 'ya'ya!"

Dokta ya sake tambaya, na sake fassarawa: me ya kashe mahaifina? Dariya ta tsaya. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ciwon mara. Fitsari ya tsaya masa. Haka ma kakanka." Na mayar da wannan ma Turanci. Dokta ya tambaya ko Baffa zai ba da nasa. Baffa ya kakkaɓe rigarsa ya tafi, bai ƙara cin abinci kwano ɗaya da ni ba har ya bar duniya.

An ba ni magani na warke. Maƙala ta fito, amma babu sunana. Dokta ya ce wanda aka yi bincike a kansa ba ya shiga cikin marubuta. Ina ciki dai, ni ne "wani ɗalibi daga gidan da cutar ta bi iyaye da kakanni". Gurbin karatu ya tafi ga wani, na koma koyarwa a Gumel. A ƙauye kuwa har yau gidan masu tsargiya ake ce wa gidanmu.

An ce maƙalar ta fi duk ayyukan Dokta samun ambato. Wato burina ya cika, masanan duniya suna ta kafa hujja da ni. Abin da na koya shi ne, kafin ka kira taro ka nuna wa mutane cutarsu, ka fara duba kwalbarka a ɗaki, ƙofa a rufe.