Ranar Da Na Kaɗa Taken Na-Abu A Tanut

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na yi a Tanut wajen koyon kiɗa, ina gotai-gotai da ni, ga mata ga 'ya'ya, furfura har ta fara leƙowa a gemu. Ni tela ne a Gangara. Kaf zuriyarmu babu wanda ya taɓa buga ko gwangwani da sunan kiɗa, amma sai Allah Ya jarabce ni da son gurmi. Na sayi wani tsoho wajen wani mafarauci, kullum in na tashi daga kan keke sai in zauna in yi ta ƙwaƙular tsirkiya (matata ta ce kamar sauro ya faɗa tulu, ban kula ta ba).

Wata shekara, farkon shekarun tamanin, aka yi shela cewa za a tara makaɗan Damargu a lakwal, wato makarantar boko ta Tanut, lokacin hutu, a horar da su, a zaɓi waɗanda za su je wasan matasa a Damagaram. Matasa fa aka ce. Na aske gemu tas, na haye kamiyo, babbar motar ɗaukar gero. Burina ɗaya ne: a zaɓe ni ko a layin baya ne, mutanen Gangara su daina yi mini dariya.

Mai koyar da mu wani dattijo ne, Baba Nomau, sauran kuwa duk 'yan gado ne, da gurmi aka yaye su. In Baba ya ɗauko kiɗa kowa sai ya bi, su je su dawo ni ina nan ina laluben hanya. Ran nan ya ɗaga hannu aka tsaya.

"Tela, me kake kaɗawa ne?"

"Abin da kuke kaɗawa, Baba."

"A'a, wallahi ba shi ba ne."

Na haɗiye, don ina da abin da na ɓoye. Akwai wani kiɗa mai daɗi da na koya ta kan katanga, wajen maƙwabcina mai gurmi. Na fi shekara ina gogarsa har ya zauna a hannuna. Ban taɓa tambayar na mene ne ba, kuma na ƙi kaɗa shi a gaban kowa a Tanut don kada a sace mini (ji mugun wayo!). Na ce sai ranar zaɓe za su san Gangara ta aiko mutum.

Ranar ta zo. Filin lakwal ya cika maƙil da la'asar, kumandan mai mulkin gundumar na kan kujera, can gefe ga 'yan kokawar da su ma za a tafi da su Damagaram. Aka riƙa kiranmu ɗaya-ɗaya. Da aka zo kaina na gyara zama, na rufe ido, na saki hannu. Kai, ranar hannun nan ya yi mini biyayya! Wuri ya yi tsit, sai kuma ihu ya ɓarke. Na ce a raina, yawwa, yau gaskiya ta yi halinta. Ina jin Baba Nomau yana, "Tela, bari! Bari!" na ce hassada ce, na ƙara wuta.

Yashi ne da ya watso mini a fuska ya sa na buɗe ido. Wani ƙato ne tsaye a kaina kamar rumbu, layu har gwiwar hannu, jikinsa na tsuma. Mai Turmi ke nan, zakaran kokawar Tanut.

"Ina Na-Abu? Ya fito!"

Na ce, "Na-Abu kuma? Ai yana Gangara, ran kasuwa ma na gan shi."

"To wa ya aiko ka ka kaɗa mini takensa a garinmu?"

Sai a lokacin kaina ya waye. Ni ba na zuwa kallon kokawa, lokacin kaka ɗinki ya yi mini yawa. Ashe kiɗan nan taken Na-Abu ne, ɗan kokawar garinmu, wanda ya kayar da Mai Turmi bara a gaban jama'a. Kuma a wajensu in an kaɗa taken mutum kiran fili ne, ko mai shi ya shigo, ko wanda ya kira ya amsa.

"Ranka ya daɗe, ni tela ne," na ce.

Ban san lokacin da ƙafafuna suka bar ƙasa ba. Na dai ga rufin lakwal ta sama, na ga hular kumandan. Bawan Allahn nan bai ma yi mini darajar ya fyaɗa ni ba, zagaye fili ya yi da ni a kafaɗa, gurmi na hannuna, sannan ya shimfiɗe ni a yashi a hankali. Wandon tergal ɗin da na ɗinka da hannuna ya ce ɓarrr daga baya. Mata suka rangaɗa guɗa, kumandan ya cire tabarau yana share hawaye. Na so ƙasa ta tsage.

Washegari aka kira sunayen masu tafiya, babu ni. Baba Nomau ya ja ni gefe ya ce, "Jiya ka kaɗa daidai, Tela, tunda har mai jin haushin ya gane. Amma Damagaram akwai 'yan kokawa daga ko'ina, ban san sauran abin da ka koya ta katanga ba. Ba zan iya kai wa matarka gawa ba."

Wallahi na ji zafi, sai da na yi ƙwalla a bayan kamiyo. Ina sauka Gangara na tarar labari ya riga ni, har Na-Abu ya zo shago yana yi mini godiyar wakilci.

Har gobe ina taɓa gurmina. Amma na koyi cewa kiɗa ba ya rasa mai shi, mai shi kuma ba ya rasa abokin gaba. Yanzu ko fito zan yi da baki a cikin mutane, sai na waiga na duba ko akwai mai ƙaton wuya a kusa.