Kujerun da Na Shafa wa Baƙin Mai

Tsufa ya ɗauke min abubuwa da yawa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da mutanen Fagam suka zo sa ranar 'yata Habi ba.

Ina da kujerun katako a ƙofar gida, aikin wani kafinta a Birnin Kudu, jawur suna ƙyalli. Ba su daɗe ba rana ta cinye su, suka koɗe kamar tsohon zane. Matata, Allah ya jiƙanta, ta ce, "Malam, ga karan dawa jibge, ka kafa musu rumfa mana." Na ce ta ji da tukwanenta (haka nake magana a lokacin, wai ni maigida).

Na ga ana shafa wa katakon rufi baƙin mai saboda gara, sai na ce abin da ya kori gara ai ba zai bar rana ba. Na karɓo galan wajen mai injin niƙa, na mulke kujerun tsaf. Ranar zuwan baƙin na taɓa su na ji sun bushe. Da sanyin safiya na taɓa, ka ji wauta.

Bayan azahar suka iso, rana ta gama gasa katakon. Jagoransu baffan yaron ne, Alhaji Sale, cikin farar shadda sabuwa kar. Bawan Allahn nan tabarma ya nema. Ni na hana!

"Haba Alhaji, ga kujera?"

Aka yi addu'a, aka raba goro, ya miƙe. Rigar ta ɗan riƙe kujerar kafin ta saki. Bayansa layi-layi baƙi ƙirin, kamar jakin dawa. Ba wanda ya yi dariya (da ma sun yi, da na samu sauƙi). Ya jawo rigar ya duba, ya ce, "Malam, in ba kwa son ba mu yarinyar, ai baki ya isa."

An yi auren da ƙyar, kuma Alhaji Sale bai zo ba. Har yau dangin mijinta 'Yar Baƙin Mai suke kiran Habi, ita da ba ta shafa komai ba.

Matata ba ta taɓa yi min gori ba, ni kuma girman kai ya hana ni cewa ta yi gaskiya. Rumfar farko da aka kafa a wurin nan, ta zaman makokinta ce.

Yanzu ko jikana ne ya ce in kafa rumfa, ina karan kawai nake tambaya.