Ganyen da Ya Bushe a Ƙolin Kuka

A wani daji da kogi ya raba gida biyu, ƙananan dabbobi ba su da hanyar tsallakawa idan damina ta yi nisa sai ta sama. Ruwan yakan cika ya batse, ya yi ja, ya riƙa tafiya da itatuwa har da saiwoyinsu, ga kadoji kwance a gefe suna jiran rabo. Saboda haka tsuntsayen nan babba-da-jaka suka mai da jigila sana'a. A kowace gaɓa akwai wata doguwar bishiyar kuka, ita ce tasha. Fasinja ya biya da abin da ya sawwaƙa, fara ko gyaɗa, ya shiga kwando, tsuntsu ya saƙala kwandon a wuya ya tsallaka da shi.

Sana'ar ba ta da abokin gasa, kuma kowa ya san yadda mai irin wannan sana'a yake zama. A ce maka da hantsi, ka wuni a gindin bishiya kana hamma. Da ƙorafi ya yi yawa, majalisar daji ta zauna ta kafa doka, kuma a gaskiya dokar ta yi daɗin ji: duk fasinjan da lokacin tashinsa ya wuce ƙafarsa tana ƙasa, a mayar masa da abin da ya biya, a ciyar da shi, a ba shi diyyar ɓata masa lokaci. Ranar an yi guɗa, ɓeraye har rawa suka taka.

Tsuntsayen ba su yi musu ba. Igiya kawai suka nemo. Daga ranar, da lokaci ya yi sai a zuba fasinjoji a kwando, a ja shi zuwa reshen ƙoli, a ɗaure. Ƙafarka ta bar ƙasa, ka tashi ke nan. Ko tsuntsu ya zo yanzu ko sai gobe, wannan kuma tsakaninka da ƙaddararka. Kafin dokar, mai jira yana jira ne a inuwa, ga ruwa kusa, ga masu sayar da gara. Bayan dokar sai ya koma jira a rana, yana lilo. Wannan shi ne ci gaban da aka samu, kuma majalisa ba ta gajiya da ambatonsa.

To, akwai wata bushiya mai suna Kande, tana zaune a gindin wani tsohon suri a gaɓar yamma. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun bi shi sai ɗaya, Cindo, wanda ƙayoyinsa ma ba su gama ƙwari ba. Wani zazzaɓi ya kama yaron, wuyansa ya kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Hawainiya mai magani ta duba shi ta ce maganinsa ganye ne da ba ya fitowa sai a fadamar gabas.

Ta ce, "Ki tafi da sassafe ki tsinko. Ruwan ganyen ake so, a matse masa a baki yana ɗanye. In ya bushe, ciyawa kika ɗauko. Kuma Kande, kada rana ta faɗi ba ki dawo ba."

Zuwa bai ba ta wahala ba. Ta bar yaron a hannun maƙwabta, ta tsallaka, ta tsinko ganyen yana ɗigar ruwa, ta iso tashar gabas tun kafin hantsi ya yi. Aka zuba su a kwando, ita da wani tsohon damo da wani kurege mai bakin tsiya, aka ja su sama, aka ɗaure.

Ba su daɗe da hawa ba labari ya iso tasha cewa wata ɓauna ta faɗi ta mutu can bayan tsauni. Kafin ka ce me, babba-da-jaka sun watse kaf zuwa cin mushe, har da wanda aka ce shi zai ɗauke su. Ba wanda ya rage sai aku, mai shelar tashar, wanda aka ɗauka aiki saboda muryarsa ba ta canzawa ko da gobara ake yi.

Aku ya sauka a reshen da ke kusa ya ce, "Jama'a masu daraja, muna ba ku haƙuri. An sami ɗan tsaiko saboda dalilan da suka fi ƙarfinmu. Yanzun nan za a ci gaba da tafiya. Mun gode da kuka zaɓe mu."

Kurege ya yi tsalle ya hau bakin kwando. Ya ce zalunci ne, ya ce shi ya san doka ciki da bai, ya ce yau sai ya ga abin da zai ture wa buzu naɗi a tashar nan, kuma ba don kansa yake magana ba, don talakawa ne. Aku ya raɗa masa wani abu, ya miƙo masa 'yar gyaɗa da wani faffaɗan ganye ya rufe kansa. Kurege ya zauna, ya ce ai in aka duba su ma tsuntsayen suna ƙoƙari.

Rana ta take. Ƙolin kuka ba shi da inuwar kirki, kwandon ya yi zafi kamar kasko. Kande ta sa ganyen a ƙarƙashin cikinta ta kwanta a kai. Da ta ɗaga ta duba, gefensa ya fara naɗewa. Ta shiga lasarsa da harshe har yawunta ya ƙafe.

Ta ce wa aku, "Malam, don girman Allah ka sauke ni. Ba gudu zan yi ba, ina zan je? In tsoma ganyen nan a ruwa kawai, ka sake jawo ni. Ɗana ne ba lafiya."

Aku ya ce, "Baiwar Allah, Allah ya ba shi lafiya. Amma doka ba ta yarda a sauke fasinjan da ya riga ya tashi ba sai a inda za shi. Don kare lafiyarku ne."

"To ka ɗebo mini ruwa a baki, ko ɗigo ne."

"Ba a raba ruwa sai an kama hanya sosai. Mun gode da kuka zaɓe mu."

Tsohon damon ya ja jiki ya kare ta daga rana da faɗin bayansa. Ya ce, "Yi haƙuri, 'yar nan. Na taɓa kwana a reshen nan da ciwon ƙafa, ga ni ban mutu ba. Za su zo."

Ta ce, "Baba Damo, ni zan iya kwana. Shi ne ba zai iya ba."

Abin da ya fi ci mata rai, daga ƙolin kukar ana hango gaɓar yamma sarai. Ga surinta can, ga hanyar da take bi zuwa ɗiban ruwa. Tsuntsu zai kai ta kafin ta gama share hawaye. Da la'asar ta yi sanyi ganyen ya zama abin da in ka murza zai koma gari. Ta hango maƙwabta suna shiga suna fita da sauri. Can ta hango sun daina sauri. Suka zazzauna a ƙofar gidan, wasu suka fara zuwa daga nesa suna zama kusa da su. Ba wanda ya gaya mata komai, kuma ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ta naɗe jikinta ta dunƙule, damon yana jin kukanta daga ciki bai sake cewa ta yi haƙuri ba.

Tsuntsayen sun dawo da almuru, jakunkunan wuyansu sun cika har suna rinjayarsu. Aku ya yi shela cewa nauyi ya yi wa matuƙa yawa, kuma ba sa wasa da rayukan fasinjoji, don haka sai da safe. Washegari aka tsallaka da su lafiya lau. Kande ta tarar an riga an binne Cindo.

Bayan an share makoki ta kai ƙara majalisa. Majalisar tana zama ne a bakin ruwa, saboda shugabarta dorina ce, mataimakinta kuma kada. Duk cikinsu ba wanda ya taɓa shiga kwando, in suna son gabas sai su faɗa ruwa su fito a gabas. Wannan bai hana su zama masana harkar jigila ba.

Kande ta ajiye busasshen ganyen a gaban dorina, ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, ni ban iya magana a gaban manya ba. Na biya abin da aka ce in biya. An ce mini da hantsi, na zo kafin hantsi. An rataye ni a rana tun safe har dare ina kallon ƙofar gidana. Na roƙi a sauke ni in jiƙa ganyen nan, aka ce doka. Na roƙi ɗigon ruwa, aka ce doka. Ɗana ya mutu yana tambayar maƙwabta ko na iso. Ba cewa nake a dawo mini da shi ba, na san ba mai iyawa. So nake a faɗa a gaban jama'a cewa an yi mini laifi, kuma a daina rataye bayin Allah a reshen nan."

Sai Sarkin Jigila, babban babba-da-jaka, ya tako a hankali, ya sunkuyar da sanƙon kansa.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, kafin komai ina miƙa ta'aziyya a madadin dukan ma'aikatanmu. Da muka ji labarin nan, wallahi wasunmu ko abinci ba su iya ci ba. Amma majalisa wurin doka ce, kuma dokar ku kuka kafa ta da hikimarku. Me ta ce? Wanda lokacinsa ya wuce ƙafarsa tana ƙasa. Ina roƙon a tambayi wannan baiwar Allah, da hantsi ya yi, ina ƙafarta take? Mun ɗaga ta a kan lokaci. Mun sauke ta a inda ta ce za ta, ba ƙwarzane a jikinta. Kayanta ma ga shi nan gabanku, ba mu ɓatar ba. Ganye ta shiga da shi, ganye ta fita da shi. Shi kuwa marigayin, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa zama fasinjanmu ba. In aka ce mu ɗauki alhakin duk wanda ke kwance a gida yana jiran wani, gobe sai mu rufe tasha, kuma ban san wanda zai tsallaka da talakawa ba."

Da ya ambaci rufe tasha, sai ƙananan dabbobin da suka zo taya Kande suka fara kallon juna. Kowa yana da abin da zai kai shi gabas.

Aka kira shaidu. Kurege ya ce shi dai an kula da shi yadda ya kamata, har abin taɓawa an ba shi. Damo ya ce duk abin da Kande ta faɗa gaskiya ne, a gabansa aka yi. Mataimakin dorina ya tambaye shi ko shi yana da ƙorafi na kansa. Damo ya ce a'a, shi ya saba. Mataimakin ya ce to a lura, fasinjoji uku ne a kwandon, biyu ba su da ƙorafi.

Dorina ta nutse ta yi shawara da mataimakinta, ta ɗago tana furzar da ruwa.

Ta ce, "Majalisa ta saurari kowa, kuma zuciyarta ta karaya. Ni ma uwa ce. Sai dai mun duba ba mu ga inda aka karya doka ba, don mai ƙara ta tashi a kan lokaci. Hasali ma tun da muka kafa dokar nan ba a sami fasinja ko ɗaya da ya makara ba, abin da ya kamata dajin nan ya yi alfahari da shi. Batun rataya a rana, mun kafa kwamiti ƙarƙashin Sarkin Jigila, tunda shi ya fi kowa sanin reshen. Amma ba za mu bar baiwar Allah ta koma hannu rabbana ba. Mun roƙi masu jigila su yi mata wani abu don tausayi, ba don wajibi ba, kuma sun amsa. Sarki, faɗa mata da bakinka."

Sarkin Jigila ya gyara tsayuwa ya ce, "Mun ba ta tafiya kyauta, zuwa da dawowa, mazauni biyu, ita da ɗanta. Sharaɗi ɗaya ne, kamar yadda muke yi wa kowa: ba a sayarwa, ba a ba wani, sai mai sunan ya zo da kansa."

Aka yi tafi. Wasu sun yi ne don ba su ji da kyau ba, wasu kuma don sun ji. Kande ta daɗe tana kallon Sarkin Jigila. Sannan ta ɗauki ganyenta ta juya. Damo ne kaɗai ya raka ta, suna tafe a hankali.

Tashar tana nan tana aiki, igiyar ma an sake sabuwa mai ƙwari. Kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, masu jigila sun riƙe alkawari: har yau ba a taɓa jin sun hana Cindo hawa ba.