Ni Ne Mai Riƙe Igiyar Caji

Da hannun hagu nake rubuta muku wannan, jama'a, don na dama yana kan matashi yana jinya. Ba dambe na yi ba, ba kuma turereniyar layin mai ba ce. Caji na yi.

'Yata Auta ta daɗe da gama karatu, ta zaga ofisoshi har takalmanta suka buɗe baki. A makon nan wata hukuma ta kira ta intabiyu. Sai dai masu girma, Allah ya ƙara musu ɗaukaka, sun ce duniya ta ci gaba, ba sai an je ba, ta bidiyo za a yi, kowa daga gidansu, kuma wanda hotonsa ya ɗauke an wuce shi ke nan. Na jinjina wa wannan hikima. Mutanen da suka kasa ba mu wutar da za ta tafasa ruwan shayi su ne suka umarce mu da shiga zamani.

Abu ɗaya mai kyamarar kirki a gidanmu shi ne tablet ɗin da yayanta ya bar mata, babbar wayar nan mai faɗin faranti. Bakin cajinta ya daɗe da yin sako-sako, kuma ban ga laifinta ba, don a gidanmu ba a sa caji cikin natsuwa. Da an ji firij ya yi gurnani, kowa zai zabura ya yi kan soket, a cusa igiya ko a kife ko a daidai, kafin masu kawo wutar su tuna sun yi kuskure.

Yau da safe, ranar intabiyun, aka kawo wuta, batir ya yi ja, Auta ta jona, shiru. Na ce datti ne, a ba ni wuri. Maiɗakina ta ce in bar shi a kai wa masu gyara, na ce mata ai ba komai ake kai wa asibiti ba. Na ɗauko tsinken sakace na shiga tono. Da farko auduga ta fito, na ɗaga ta sama kowa ya gani. Na sake zurawa, sai ga wani ɗan siririn ƙarfe mai ƙyalli ya biyo tsinken. Garin gyaran gira, kun san sauran. Auta ta koma ta zauna a bakin gado ta riƙe takardunta, ni kuwa da ta yi min tsawa da ya fi min sauƙi.

Na ruga wurin mai gyaran waya. Ya leƙa ramin ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aika, na ce yara ne. Ya kalli tsinken da na manta a bayan kunnena, ya ce Allah ya shirya yaran. Gyara kuwa sai an cire bakin cajin duka an liƙa sabo da dalma, dalma sai da wuta, layinsu babu, janareta ba mai, abokin aikinsa yana can gidan mai da jarka tun safe. Maƙwabcina da muke kira Farfesa, wanda bai taɓa rasa shawara ba, ya ce akwai wani faifai da ake ɗora waya a kai ta yi caji ba igiya. Aka duba, tamu ba ta san wannan ci gaban ba.

Da na koma gida, maiɗakina ce ta gano cewa idan aka danna igiyar ciki, aka ɗan ɗaga ta sama, aka karkata hagu, caji yana shiga. Da an saki ya tsaya. Muka ɗaure da roba, ta zame. Muka liƙa salatif, ya saki. Muka tokare da littafi, ya ƙi. Sai hannun mutum kawai take yarda da shi. Maiɗakina ta dube ni ta ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Haka na shige ƙarƙashin tebur, ni da furfurata, na miƙa hannu sama na riƙe igiya. Wutar dai ba ta tafi ba, ina jin mai kashe ta ne ya manta da mu, Allah ya ƙara masa mantuwa. Masu girma suka makara kamar yadda girma ya tanada, har gwiwoyina suka fara yi min wa'azi. Da suka bayyana, Auta ta fara amsa tambayoyi. Wallahi ban san 'yata ta iya magana haka ba. Ina durƙushe ina kallon yatsun ƙafarta suna rawa, muryarta kuwa ko gezau. Alfahari ya cika ni har idona ya kawo ruwa.

Ana cikin haka hannuna ya sage, igiyar ta goce, tablet ta yi ƙarar gargaɗi. Na zabura in gyara, kaina ya daki tebur, abar ta karkato, sai ga fuskata da hula a karkace a gaban hukuma. Matar da ke shugabantar zaman ta tambayi wane ne wannan.

"Babana ne, ranki ya daɗe," in ji Auta. "Shi yake riƙe min caji."

Na ce a raina shi ke nan, na kashe wa yarinya aiki da hannuna. Sai matar ta tuntsire da dariya, ta juya kyamararta gefe. Ga wani dattijon masinja a tsugune a jikin bango, ya danne filogi cikin soket da hannu biyu, a ofishin da ko fentinsa bai gama bushewa ba. Muka kalli juna.

"Sannu da aiki," na ce masa.

"Yauwa, sannunmu," ya ce, bai saki ba.

Na koma ƙarƙashin tebur na riƙe har aka tashi. Da yamma saƙo ya zo cewa Auta ta tsallake zuwa zagaye na gaba. Ta kawo man zafi ta zauna tana shafa min a kafaɗa, tana dariya tana share ido, ni kuma ina cewa ai ba wani ciwo, alhali ko cokali ba na iya ɗagawa.

Farfesa ya ce tunda hukumar tana da gurbin mai riƙe igiya, in kai takarduna, ga ƙwarewa ga shaidu. Na sa an bincika min. An ce in yi haƙuri, shi ma wancan dattijon ɗana masa kujerar aka yi, kafin ɗan ƙanwar mai girma ya gama karatu.