Ranar Da Na Zama Nauyin Mota

"Ni za ka gaya wa tuƙi a ruwan sama? Babanka direban tirela ne, a gefensa na tsufa. Duk sirrin titi yana cikin kan nan!"

Haka na cika wa Autana baki, 'yar'uwa, ni da ko keke ban taɓa hawa ba.

Auta yana aiki a wurin sayar da motoci. Ranar nan maigidansa ya ba shi wata jar motar tsere ya kai wa mai saye, da kashedin in ta ƙwarzane ko kaɗan, a bakin aikinsa. Ya biyo gida ɗaukar lema, sai sama ta ɓalle. Na leƙa na ga motar, cikinta na shafar ƙasa kamar ƙadangare.

"Wannan faranti za ka shiga ruwa da shi? Babanka ya ce mota marar kaya ita ke santsi. Nauyi take so."

"Mama, an ce dai in tafi a hankali, in bar tazara, kar in taka birki da ƙarfi."

"An ce! Wa ya haife ka, ni ko an ce?"

Na sa ya kinkimo ragowar buhun simintinmu. But ɗin motar, wurin sa kaya, ko kwano ba zai ci ba, sai na shiga gaba na rungume buhun a cinya. Ni kuwa, Allah bai rage ni ta wajen jiki ba.

Muka kama hanya ina salati. Gilashi ya yi hazo, na goge da gyalena, ashe duk man shafawa ne a jiki. Titi ya ɓace gaba ɗaya.

"Mama, ba na gani!"

"Buɗe taga, sakarai!"

Ya buɗe. Ruwa ya shigo ya gaisa da siminti.

Muna isa wani tudun da aka yi a titi don rage gudu, sai ƙiiiii! Mota ta hau ta zauna daram, gaba ya ƙi, baya ya ƙi. Motoci suka yi layi suna ham. Auta ya haɗa gumi cikin sanyi.

"Mama, don girman Allah ki ɗan sauka."

Ina! Kujerar ta riƙe ni kamar rijiya. Wasu mata suka zo, wannan ta kama hannu, waccan ta kama ƙafa, aka zare ni kamar ƙusa, har da buhuna. Ina fita, mota ta ɗaga, ta tsallake tudun sumul.

Auta ya leƙo. "To shigo mu tafi."

"Kul!" in ji wani dattijon direba. "Yaro, akwai irin tudun nan a gaba. In kana son aikinka, ka bar mana ita."

Ɗan da na goya a bayan nan ya dube ni, ya dubi motar, ya ce, "Mama, ki yafe ni."

Ya ja ya bar ni tsaye cikin ruwa, zanena na daskarewa da siminti. Na bi shi da ido har ya sha kwana. Wallahi ko santsi ɗaya bai yi ba, ɗan nema.